Bangon da ke jiƙewa ta gefen fayif ɗin ruwan sama, a sa tayil ko kar a sa?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba da rahama, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Na ga tambayarka, kace gidan gado ne a cikin birnin Kano, ginin ƙasa ne da aka yi wa filastar siminti daga baya aka ɗora kwano a kan soron, lokacin gyaran aka cire indararo aka sa fayif na roba yana saukowa ta jikin bango, yanzu duk damina bangon ɗakin Hajiya ta wannan kusurwar sai ya jiƙe, fenti ya kumbura yana zuba, farin gishiri yana fitowa, ɗakin yana warin danshi, kuma maginin da kuka kira yace a kankare a sake filasta da siminti mai hana ruwa sannan a manna tayil har rabin bango. Kana tambaya ko a yi.

Dan Allah kar ku yi, ba yanzu ba dai. Matuƙar ruwan yana shiga bangon to duk abin da aka shafa a fuskarsa ɓoye ciwon kawai zai yi, kuma a ginin ƙasa ɓoyewar ta fi barinsa a buɗe haɗari. Tayil da siminti mai ƙarfi basa barin danshi ya fita, to ruwan da ya shiga ina zai je? Zai zauna a cikin ƙasar ya tausasa ta, sannan ya dinga hawa sama har sai ya samu inda zai fita, shi yasa zakaga gidan da aka sa tayil zuwa ƙugu bayan damina ɗaya ko biyu fentin da ke saman tayil ɗin ya fara kumbura, tayil ɗin kuma in ka ƙwanƙwasa kaji fanko.

Bari in nuna maka yawan ruwan da muke magana a kai, don mutane da yawa suna raina shi. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne cif. In rufinku mita 10 ne a tsawo 10 a faɗi, murabba'in mita 100 kenan, aka yi ruwan milimita 30 wanda ba wani abin mamaki bane a watan Agusta, to lita 3000 ce ta sauka a kan rufin nan, duro 15 na lita 200, kuma sau da yawa cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka. Duk wannan ruwan ake so ya bi ta bakin fayif ɗaya ko biyu. Ko kashi ɗaya cikin ɗari ne ya kuɓuce ta wata 'yar tsaga ya bi bango, lita 30 kenan, fiye da jarka guda, a wuri ɗaya, duk ranar da aka yi ruwa. Bangon ƙasa bazai jure wannan shekara da shekaru ba.

Iyayenmu magina sun san da wannan, shi yasa indararonsu yake da tsawo, ko na icen giginya da aka fafe ko na gasasshen yumɓu ko na kwano daga baya, ana karkata shi ƙasa kaɗan ya harba ruwan nesa da gindin gini, kuma duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an duba bakinsa an yi yaɓe. Fayif ba laifi bane, musamman a lungu mai matsi inda indararo ke zuba a kan masu wucewa ko bangon maƙwabci, amma shi fayif yana riƙe ruwan ne a jikin bango tun daga sama har ƙasa, don haka duk kuskuren da aka yi wajen haɗa shi bangon ne zai sha.

Kafin a kashe ko sisi a tabbatar fayif ɗin ne, kuma ta ina. Siffar jiƙon da kanta tana faɗa. In danshin ya yi layi a tsaye yana bin inda fayif yake daga sama zuwa ƙasa, fayif ɗin ne ke yoyo ko ya toshe yana ambaliya. In a sama yake kusa da silin ko ƙarƙashin azara, matsalar tana bakin fayif ko gata, wato kwararon da ke tara ruwan rufi ya kai shi bakin fayif. In a ƙasa yake, ya yi faɗi a gindi yana tsukewa yana hawa, kuma ya fi tsanani a daidai kusurwar, to ƙafar fayif ɗin ce ke zubar da ruwa a gindin gini bangon yana zuƙa yadda lagwani ke zuƙar kananzir. In kuwa duk tsawon bangon ne ya yi zobe a tsayi ɗaya, yawanci bai cika wuce mita 1 ba, wannan danshin ƙasa ne gaba ɗaya, fayif na iya ƙara masa amma ba shi kaɗai bane. Wanda kuma baya bushewa ko a watan Maris, a duba fayif ɗin famfo ko bangon banɗaki, wannan ba ruwan sama bane.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗau lema ka fita lokacin da ake tsuga ruwa ka tsaya ka kalla, minti goma ya isa (ban da lokacin tsawa da walƙiya, kuma kar kowa ya hau rufi ana ruwa). In baka samu haka ba, ranar da gari ya bushe wani ya hau da tiyo ko bokitai ya dinga zubawa a gata kai kana ƙasa. Ka zura hannunka ta bayan fayif ɗin, tsakaninsa da bango, don tsagar ta fi zama a can inda ido baya gani. Zakaga alamu ko ba ruwa: gansakuka kore ko baƙin layi a bayan fayif, filasta ta cinye ta yi kwari, kilif ɗin da ke riƙe fayif ya saki fayif ya kwanta a jikin bango. Ka ƙwanƙwasa shi daga sama zuwa ƙasa, inda ƙarar ta mutu to a nan ya cika da ƙasa. Ƙurar hunturu da ta taru a kan rufi wata da watanni, ruwan farko ke wanko ta, ta haɗu da ganyen darbejiya da leda da sheƙar tattabaru ta zama taɓo a cikin elbo na sama, wato lanƙwasar fayif, shikenan ruwa ya rasa hanya ya cika gata ya malala ta bayan rawani (ɗan bangon da ya zagaye saman soro) ya shiga cikin bango ta ka.

Sai mahaɗa. Akwai abin da wasu masu aiki ke yi don kar su sayi soket ɗin da ke haɗa fayif biyu, su gasa bakin fayif da wuta ya yi laushi su cusa ɗaya cikin ɗaya ba gam, rana ta dake shi shekara biyu uku ya buɗe. Wasu kuma su juya haɗin, na ƙasa ya shiga cikin na sama, alhali na sama ne ya kamata ya shiga cikin bakin na ƙasa don ruwa ya wuce bai samu gefen fita ba. Ga kuma fayif mara kauri da rana ke ƙonawa ya zama da ka taɓa sai ya fashe. Mafi muni a wajena shine fayif da aka sare bango aka binne aka shafe da filasta wai don kyau. A ginin bulo ma ban so, balle na ƙasa, don ranar da ya tsage ba wanda zai sani sai bangon ya gama sha. In naku a binne yake kar a tsaya neman inda ya fashe, a toshe bakinsa ta sama da kyau a ja sabo ta waje.

Wurin da nafi so ku duba da kyau shine inda ruwan ke fita daga gata ya huda rawani ya shiga fayif. A nan ne abu uku daban suka haɗu, kwano ko kankare, roba, da ƙasa, zafi da sanyi suna motsa kowanne yadda yake so, sai 'yar tsaga ta buɗe a kewayen bakin. Kuma a daidai ƙasan wurin kawunan azara suke zaune. Ita azara icen giginya ce, tana da ƙarfi gara ma bata cika cin ta ba, amma ƙasar da take zaune a kai in ta jiƙe ta yi laushi azarar zata nutse, ga nauyin ƙasar soro a kanta. Da yake an ɗora kwano a sama ba wanda ke ganin abin da ke faruwa a tsakani, sai a buɗe falle ɗaya ta kusurwar a leƙa da tocila.

A nan zan roƙe ka abu ɗaya da ya fi duk sauran. In ka ga tsaga sabuwa a kusurwar ko tsohuwa tana ƙara buɗewa, ko bangon ya yi ciki ya turo, ko ƙasa tana zubowa daga tsakanin azara, ko ƙofa da taga sun fara cijewa basa rufuwa, a fitar da Hajiya daga ɗakin a ranar, kar a ce sai gobe, a tokare azara da katako a kira wanda ya san ginin ƙasa ko injiniya. Ginin ƙasa in ya sha ruwa baya bada dogon gargaɗi. Mun ga abin da ya faru a babban masallacin Zariya a watan Agustan 2023, ginin da ya tsaya tun shekarun 1830, wani sashe ya rufta ana sallar la'asar aka rasa rayuka, kuma an ce an ga tsaga kwana ɗaya kafin nan ana shirin gyara. Allah ya jiƙansu. Tsaga a tsakiyar damina ba abin jira bace.

To in ba a kai nan ba, aikin farko shine a raba ruwan da bangon, kuma wannan ana iya yinsa ko a cikin marka. A share gata tas, a zuge fayif, a sauya duk guntun da ya tsage, in ma abin ya yi yawa a cire shi na ɗan lokaci a sa dogon indararo na kwano ya harba ruwan tsakar gida ko kwata har damina ta wuce. Gatan a tabbatar yana da gangara zuwa bakin fayif, ko santimita 1 a duk mita 2 zuwa 3, in ka zuba bokiti ka ga ruwa ya kwanta a wani wuri to a gyara. Fayif ya zama inci huɗu mai kauri, inci uku ya yi kaɗan wa irin ruwanmu mai saukowa lokaci guda, kuma ni a aikina bana son fayif ɗaya ya ɗauki rufin da ya wuce murabba'in mita 50 zuwa 60, gara a ƙara na biyu ta wani gefen. A sa raga a bakinsa ta tare ganye. Sannan a huda wani ɗan indararo a sama da bakin fayif kaɗan, ranar da fayif ya toshe ruwa ya fita ta nan maimakon ya cika gata, ku kuma da kun ga yana zuba kun san lokacin shara ya yi. Wannan ɗan abin kuɗinsa bai taka kara ya karya ba amma ya ceci gidaje da yawa.

Kar fayif ya manne da bango, a bar tazarar yatsa biyu zuwa uku, da kilif duk mita ɗaya da rabi ko makamancin haka. Ƙusa bata kama bangon ƙasa, don haka ko a kafa doguwar turakar katako a ciki a ɗaura kilif a kanta, ko a tsayar da ƙarfe ko katako daban a gefen bango fayif ya bi shi.

Ƙafar fayif kuma ita ce inda aka fi yin sakaci, a kawo ruwa lafiya tun daga sama sannan a sake shi a gindin gini. A sa elbo a ja shi har cikin kwata, ko a yi masa lambatu na siminti mai gangara ya fita da shi. A yi dakali ko shimfiɗar siminti a gindin bangon, faɗin rabin mita zuwa mita 1, tana gangarawa waje ba ciki ba. Ka kuma duba tsayin ƙasar waje, don a cikin birni lunguna da yawa an yi ta ciko ana sa intalok har hanya ta fi daɓen ɗaki tudu, tsohon gida kuma bashi da ledar hana danshi a fandisho irin ta ginin yanzu. Abin da ake so daɓen ciki ya fi ƙasar waje da aƙalla inci shida, santimita 15. In ba hali, a yi 'yar kwata a bin bangon ta ɗauke ruwan. In za a haƙa ramin da ruwa zai nutse, ya yi nisan kamar mita 5 da gini in fili ya bari, kuma kar a kuskura a juya ruwan rufi cikin masai ko sokawe na banɗaki, zai cika ya jiƙa ƙasar gidan gaba ɗaya ya gurɓata rijiya. Wanda ke da hali ya sa tanki ya tara, amma shi ma tankin a ja masa hanyar ambaliya zuwa kwata, a rufe shi saboda sauro.

Bayan an kashe ruwan sai haƙuri, kuma nan ne masu gida ke gazawa don kowa yana so ya ga ɗakin ya yi kyau kafin sallah ko biki. Bangon ƙasa mai kauri baya bushewa a sati biyu. Ta ciki a ƙwanƙwasa a cire duk filastar da ta saki, a wuce iyakar jiƙon da kamar taku ɗaya, a bar ƙasar a buɗe, a ja gado da kwaba da katifa nesa da bangon, a dinga buɗe taga. Ta waje kuma kar a tsiraita bangon ana cikin ruwa, musamman in yana kallon gabas tunda hadarinmu daga can yake tasowa, a bari sai ruwa ya ɗauke a Oktoba. Sai a bar hunturu ya yi aikinsa, daga Nuwamba zuwa Janairu ko Fabrairu. Farin gishirin da ke fitowa a goge shi a bushe da buroshi a kwashe a zubar, kar a wanke da ruwa don narkewa zai yi ya koma ciki. In kana so ka san ko ya bushe, ka manna farar leda taku ɗaya a bangon ka like gefunanta huɗu da salatif ka bar ta kwana biyu, in ka ga gumi ta cikinta ko wurin ya yi duhu to da saura.

Wajen gyara, ƙasa da ƙasa ake gyarawa. Inda ya zaizaye a kankare har a kai ƙasa mai tauri, a kwaɓa jar ƙasa irin ta ginin da ciyawa a bar ta ta kwana biyu uku ta ruɓa, a yayyafa wa wurin ruwa kaɗan a dinga cikewa kashi kashi ana bari yana shan iska, in ramin babba ne a sa tubali. Kar a cusa bulo ko kankare a cikin ramin bangon ƙasa, basa haɗuwa, tsaga zata zagaye shi. Magabata suna da shafen bango da ake kira laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin jima da dafara, ga kuma makuba ta ɓawon ɗorawa, duk suna korar ruwa amma suna barin bango ya fitar da danshi, in kun samu tsohon magini da ya iya su ku riƙe shi da kyau. In ba a samu ba to filasta mai laushi, yashi da yawa siminti kaɗan, kamar ɗaya cikin shida ko ma fiye, in da farar ƙasa a haɗa ya fi, sannan fentin ruwa ko farar ƙasa, ban da fenti mai mai. Siminti mai hana ruwan da magininku ya faɗa yana da wurinsa, a cikin gata, a lambatu, a dakali, inda ruwa ke gudu a kai. In wani sashen gidan na bulo ne can ma ana iya sa shi a gindin bango ta waje bayan ya bushe.

Kafin nan akwai abubuwan da za ku yi yau. In akwai soket ɗin wuta ko makunni a jiƙaƙƙen bangon a kira mai gyaran wuta ya cire layin, bango mai danshi yana jan mutum, ga yara. Baƙin funfuna kuma yana tayar da tari da asma musamman ga tsofaffi, a goge shi da ruwan bilic da aka tsarma, a sa safar hannu a buɗe tagogi, kar a haɗa shi da wani maganin wanki, Hajiya kuma ta koma wani ɗakin har warin ya fita. Ku duba gara ma a jikin ƙofa da katakon silin na kusurwar, danshi ke kiran ta.

In ya zama bangon na haɗaka ne, ko ruwan maƙwabci ne ke sauka a gindinsa, ko naku ne zai koma wajensu in an sauya hanya, a zauna a yi magana kafin a fara aiki, in ya ƙi ci a sa mai unguwa. Sau da yawa kwata ɗaya da aka haɗa kuɗi aka yi ita ke raba gida biyu da wannan matsalar. Shara kuma ta zama duk shekara, sau ɗaya a Afrilu ko farkon Mayu kafin ruwa ya sauka, a sake bayan ruwa biyu uku na farko don su ne ke wanko ƙurar.

In zaka iya ka turo hoto uku, ɗaya na bakin fayif ta saman rufi, ɗaya na ƙafarsa da ƙasar da ke kewaye, ɗaya na jiƙon ta cikin ɗaki a ɗauko tun daga daɓe har silin, ka kuma faɗa min wane gefe bangon yake kallo da ko fayif ɗin a binne yake, sai in gaya maka ta inda za a fara in sha Allahu.